Takardar Bayanin Aiki: Daga Agogon Taylor Zuwa Teburin Alƙali

Takardar bayanin aiki ita ce rubutun da ma'aikata ko kamfani yake tanada domin fayyace wani gurbi guda, inda ake ambaton sunan gurbin, da ayyukan da mai riƙe da shi zai riƙa yi, da wanda zai riƙa ba shi umarni, da kuma ilimi ko ƙwarewa ko ƙarfin jikin da ake buƙata kafin a ba mutum gurbin. Ta bambanta da takardar ɗaukar aiki, wadda ake rubuta wa mutum ɗaya da sunansa, domin ita kujera take bayyanawa, kuma tana nan daram ko da mutum goma sun zauna a kujerar sun tashi. Daga cikinta ake tsamo abin da ake sanyawa a tallan gurbi, da tambayoyin ganawa, da matakin albashi. A yau manyan kamfanoni suna rubuta ta ne da lauya a gefe, ana auna kowace kalma, alhali a farkon lamari babu ruwanta da kotu. An ƙirƙire ta a masana'antun Amurka domin maigida ya san iyakar abin da zai iya tatsa daga jikin lebura, sai daga baya reshe ya juye da mujiya, ta zama shaidar da ake kafa wa maigidan kansa.

Iyakance aiki kafin a fara shi tsohon abu ne. Malaman fiƙihu, a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, sun sharɗanta cewa sai an san ladan, an kuma san aikin ko wa'adinsa, saboda rashin sanin ɗaya daga cikinsu ƙofar rigima ce, kuma a kan wannan ƙa'ida jinga take tafiya har gobe tsakanin mai gona da ɗan ƙwadago. Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekarar 1058, ya jera ayyukan waziri da alƙali da mai hisba ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki. Sai dai galibin sana'o'i ba su buƙaci rubutu ba, domin yaron maƙeri yana tashi daga bakin zugazugi zuwa gaban uwar maƙera ta hanyar kallo da gyaran maigida, sanin yadda ake aikin kuma yana zaune a kan mai sana'a da hannunsa. Haka masana'antun Amurka suka gaji al'amarin a ƙarni na 19, inda heluma, wato shugaban leburori, yake ɗaukar wanda ya ga dama a bakin ƙofa, ya sallami wanda ya ga dama, gwanayen ma'aikata kuma su ne suka san tsawon lokacin da kowane aiki yake ci, ba mai kamfani ba.

Wannan sanin da ke kan ma'aikaci shi ne Frederick Taylor ya ƙuduri aniyar kwashewa ya mayar ofis. Ya shiga kamfanin ƙarfe na Midvale a birnin Filadelfiya a 1878, ya tashi daga bakin inji har ya zama injiniya, ya kuma tafi da yaƙinin cewa ma'aikata suna jan jiki da gangan don kada a gane iyawarsu a ƙara musu kaya. Maganin da ya kawo shi ne a tsaya a kan mutum da agogon auna daƙiƙa, a rarraba aikinsa zuwa ƙananan motsi, a zubar da wanda ba shi da amfani, sannan a rubuta wa kowa katin umarni tun kwana guda kafin aikin, mai faɗin abin da zai yi, da kayan da zai yi da shi, da lokacin da aka ba shi. A littafinsa na 1911 ya ba da labarin leburorin kamfanin Bethlehem masu loda sandunan baƙin ƙarfe a taragon jirgin ƙasa, kowace sanda laba 92, wato kusan kilo 42, inda ya ce ya ɗaga abin da mutum yake lodawa a yini daga tan 12 da rabi zuwa tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Masana tarihi sun gano daga baya cewa ya ƙara wa labarin gishiri, amma ko a yadda ya faɗa, lissafin yana tona kansa: aiki ya kusa ninkawa sau huɗu, lada kuwa ko sau biyu bai ninka ba.

Ma'aikata ba su rasa gane wannan ba. A watan Agustan 1911 masu zubin ƙarfe a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown suka fita yajin aiki bayan an kori ɗaya daga cikinsu da ya ƙi yarda a auna shi da agogo, Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike wanda Taylor ya bayyana a gabansa, daga 1915 kuma aka hana kashe kuɗin gwamnati a kan irin wannan awo a masana'antun soja. Agogon ya sha kashi a wannan karo, amma tunanin cewa aiki abu ne da ake iya rubutawa dabam da mai yin sa ya riga ya kama ƙasa. Abin lura shi ne ƙungiyoyin ƙwadago, bayan sun yi ƙarfi a shekarun 1930, su da kansu suka koma suna dagewa a rubuta iyakar kowane gurbi a cikin yarjejeniya, domin takardar da ta ce mutum ya yi abu kaza ita ce kuma take nuna abin da ba a ce ya yi ba.

Gwamnati ce ta mayar da abin tsari mai faɗi. A 1923 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar rarraba guraben aikin gwamnatin tarayya zuwa matakai bisa nauyin aikin da ke kan kowane gurbi, ba bisa alfarmar wanda ke kai ba, har ta ambaci cewa aiki iri ɗaya albashinsa ɗaya ne ko namiji ke yi ko mace. Da tattalin arziki ya karye miliyoyin mutane suka rasa aiki, aka kafa hukumar samar da aikin yi a 1933, wadda ta tarar cewa suna ɗaya yana iya nufin ayyuka uku a garuruwa uku, don haka ta tura ma'aikatanta masana'antu suna kallo suna rubutawa, a 1939 ta fitar da ƙamus na sunayen sana'o'i mai bayanin ayyuka wajen 17,500. An yi ta sabunta shi har 1991, sannan aka maye gurbinsa da rumbun bayanai na kwamfuta mai suna O*NET a 1998. Ƙamus ɗin ya nuna wani aibi da ya bi takardar har yau, wato mai rubuta ta yana zuba son ransa a ciki ba tare da ya sani ba, domin bugun 1965, wanda ya ba kowace sana'a lamba gwargwadon wahalarta, ya ɗora mai kula da karnukan da aka kama a titi sama da mai renon yara ƙanana. A 1975 Ma'aikatar Ƙwadago ta sake sunayen sana'o'i masu yawa domin cire abin da ke nuna jinsi ko shekaru a cikinsu.

Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta kafa mafi ƙarancin lada da biyan lada ɗaya da rabi a kan aikin ƙarin lokaci, ta keɓe shugabanni da ƙwararru daga wannan biya, nan da nan kuwa wasu kamfanoni suka fara laƙaba wa akawu sunan manaja don su tsere wa kuɗin. Ƙa'idojin dokar sun toshe wannan ƙofa da cewa suna kaɗai ba ya keɓe kowa, abin da mutum yake yi a zahiri ake dubawa. Daga nan ne takardar ta fara shiga kotu, ana gwada abin da ta faɗa da abin da ake gani a wurin aiki.

Babban juyi ya zo da dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda kashinta na bakwai ya haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, ya kuma haramta buga tallan da ke nuna fifiko a kan waɗannan abubuwa. A lokacin jaridu suna raba shafin neman ma'aikata gida biyu, ɓangaren maza mai ɗauke da injiniya da manaja da direba, ɓangaren mata mai ɗauke da mai buga tafireta da mai karɓar baƙi, ta yadda mace mai digiri ba ta ma ganin gurbin da ya dace da ita sai ta leƙa inda aka nuna mata ba nata ba ne. Hukumar da aka kafa don aiwatar da dokar ta yi ta jan ƙafa har 1968 kafin ta ce raba shafin haramun ne, jaridar New York Times ta daina a watan Disamban wannan shekara, amma sai 1973 Kotun Ƙoli ta rufe maganar a shari'ar jaridar Pittsburgh Press, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, inda ta ƙi amincewa da hujjar cewa hana raba shafin tauye 'yancin jarida ne. Wata doka ta 1967 ta ƙara kariya ga waɗanda suka kai shekara 40, abin da ya sa kalmomi irin su "matashi" suka zama abin gudu a talla.

Dokar 1964 ta bar wata 'yar ƙofa, wato inda jinsi ko addini ko asalin ƙasa ya zama sharaɗin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi, launin fata kuwa ba a ba shi wannan ƙofa ba sam. Kamfanoni suka yi ta ƙoƙarin faɗaɗa ta, kotuna suna ƙuntatawa. Lorena Weeks, ma'aikaciyar kamfanin tarho na Southern Bell a jihar Jojiya, ta nemi wani gurbin kula da na'urori mai albashi mafi tsoka aka hana ta, kamfanin ya kafa hujja da ƙa'idar jihar da ta hana mata ɗaukar abin da ya wuce laba 30, amma a 1969 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sai kamfani ya tabbatar da cewa kusan dukkan mata ba za su iya aikin ba, zato ba hujja ba ne. A 1971 kamfanin jiragen sama na Pan Am ya ce fasinjoji sun fi son mata su yi musu hidima a cikin jirgi, kotu ta ce son ran abokin ciniki ba ya cikin ainihin aikin, wanda shi ne kai mutane inda za su lafiya. A 1977 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin tsawo da nauyin jiki da jihar Alabama ta gindaya wa masu neman aikin gandiroba, tana mai cewa idan ƙarfi ake buƙata a auna ƙarfin kai tsaye, ko da yake ta yarda a keɓe wasu guraben gidajen yarin maza masu tsananin tsaro ga maza.

Shari'ar da ta fi kowace canza yadda ake rubuta sharuɗɗan aiki ita ce ta Willie Griggs da kamfanin wutar lantarki na Duke Power. A tashar kamfanin ta Dan River da ke Karolina ta Arewa akwai sassa biyar, baƙaƙen fata kuma ba a ɗaukar su sai a sashen leburori, inda albashi mafi girma bai kai mafi ƙanƙanta na sauran sassa huɗun ba. Tun 1955 kamfanin ya sa takardar kammala sakandare ta zama sharaɗin shiga waɗancan sassa, sannan ranar 2 ga Yulin 1965, wato ranar da sabuwar dokar ta fara aiki, ya ƙara jarrabawa biyu na gwada hazaƙa. Da walakin goro a miya, amma a bisa takarda sharaɗin ya hau kan kowa, fari da baƙi. Ma'aikata baƙaƙe 13 daga cikin 14 da ke tashar suka kai ƙara, aka kuma nuna wa kotu ƙidayar 1960, wadda ta ce kashi 34 cikin ɗari na maza farare a jihar sun kammala sakandare, baƙaƙe kuwa kashi 12 ne, sakamakon makarantun wariya da aka tsare su a ciki.

Abin da ya karya kamfanin shi ne ma'aikatansa farare da aka ɗauka kafin 1955, waɗanda ba su da takardar sakandare kuma ba su yi jarrabawar ba, amma suna aikinsu daidai har ana ƙara musu girma. Wani mataimakin shugaban kamfanin ya shaida cewa an sa sharuɗɗan ne bisa tunanin za su kyautata ingancin ma'aikata gaba ɗaya, ba tare da an binciki dangantakarsu da wani aiki takamaimai ba. Ranar 8 ga Maris 1971 alƙalai takwas ɗin da suka saurari shari'ar suka yi ittifaƙi, a hukuncin da Babban Joji Warren Burger ya rubuta, cewa sharaɗin da yake tankaɗe wani rukuni na mutane fiye da wani haramun ne ko da babu mugun nufi, sai dai idan maigida ya nuna aikin yana buƙatarsa. Nauyin kawo hujja ya koma kan mai ɗaukar aiki, hujjar kuwa ba ta samuwa sai an koma ga kallon aiki da rubuta shi filla-filla, wato dabarar Taylor ce aka juya bakinta. A 1975 Kotun Ƙoli ta yi watsi da binciken da kamfanin takarda na Albemarle ya kawo don kare jarrabawarsa, ɗaya daga cikin dalilanta kuma shi ne ba a tantance ƙwarewar da ayyukan suke buƙata ba. A 1978 hukumomin tarayya suka fitar da ƙa'idojin bai ɗaya, masu ɗauke da ma'aunin huɗu bisa biyar, wanda ke nufin idan adadin masu tsallake wani sharaɗi a wani rukuni bai kai kashi 80 cikin ɗari na rukunin da ya fi tsallakewa ba, to sharaɗin ya zama abin tuhuma.

Dokar kare masu naƙasa ta 1990 ce ta ambaci takardar da bakinta. Ta raba ayyukan gurbi gida biyu, na asali waɗanda dominsu aka ƙirƙiri gurbin, da na gefe waɗanda wani zai iya ɗauka, ta ce mai naƙasa ya cancanci gurbi muddin zai iya na asalin, ko da sai an yi masa sauƙi mai ma'ana, kamar gyara teburi ko sauya lokacin aiki. Ba ta tilasta wa kowa rubuta bayanin aiki ba, amma ta ce wanda aka rubuta kafin a yi talla ko a gana da masu nema za a ɗauke shi a matsayin shaida, kalmar "kafin" kuma ita ce gishirin maganar, tun da takardar da aka gyara bayan rigima ta tashi ba ta da wannan daraja. Daga nan salon rubutun ya sauya, aka koma faɗin abin da ake son a cim ma maimakon gaɓar da za a yi shi da ita, kamar a ce ma'aikaci zai riƙa kai kaya mai nauyin kilo 20 daga sito zuwa kanta, a maimakon a ce sai mai iya ɗauka a kafaɗa, domin mai keken guragu da amalanke zai iya na farko. Jimlar nan da ake rufe takarda da ita, cewa da duk wani aikin da shugaba ya ba shi, ta ci gaba da rayuwa, sai dai ba ta mayar da aikin gefe ya zama na asali a gaban alƙali.

Tafiyar ba ta miƙe sak ba. Kotun Ƙoli ta sassauta wa kamfanoni a 1989, Majalisa ta mayar da ƙa'idar Griggs cikin doka a 1991, a watan Afrilun 2025 kuma fadar shugaban ƙasa ta umarci hukumomin tarayya su rage ba ta muhimmanci, ko da yake dokar tana nan ba a soke ta ba. A ɗaya gefen, jihar Kolorado daga 2021 da birnin New York daga 2022 sun wajabta a faɗi iyakar albashi a cikin tallan gurbi.

A Najeriya takardar ta shigo ne ta ƙofar aikin gwamnati fiye da ta kotu. Hukumar da Jerome Udoji ya jagoranta, wadda gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa a 1972 ta miƙa rahotonta a 1974, jama'a sun fi tuna ta da kuɗin ariyas da tsadar kayan da ta biyo baya, amma gadonta mai ɗorewa shi ne auna nauyin gurabe da jera su a matakan albashi daga 01 zuwa 17. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci bayani a rubuce cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin da lada da sa'o'i da hutu da wa'adin sanarwar sallama, sai dai ma'anar ma'aikaci a dokar ta fi karkata ga leburori da akawuna, ta fitar da shugabanni da ƙwararru. Ƙasar ta amince a 2002 da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana nuna bambanci a aiki in ban da abin da ainihin aikin yake buƙata, dokar masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na gurabe. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙabila da wurin asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba, shi ya sa har yanzu ake buga tallan da ke neman mai digiri wanda ya gama hidimar ƙasa kuma bai wuce shekara 26 ko 27 ba, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a na 2022 shi kaɗai ya cinye wa ɗalibai wata takwas.